GANGARA BA TA SHAN MAI

Shafi na 14

Masu turo saƙo wai na yi shiru kwana huɗu, na gani. Ina da aikin yi, ba wayar nake ci ba. Ga shi nan, ku karanta.

Tun safe Bakanike yake kwance a ƙarƙashin motar babansa. Ya cire bututun birkin da tsatsa ta cinye, ya tsiyaye man birkin kaf a gwangwani, sannan ya kira ƙanwarsa Auta a waya ya ce in ta tashi daga shagon ɗinki ta biya wajen mai kayan gyara ta karɓo masa sabon bututu.

Motar ta girmi Auta. Kik ɗinta ya mutu, sai an gangara da ita take tashi. Birkin hannu tun bara ya zama ado, dutse ake sa mata a taya. Wajen makullin ma ya side, ko wutsiyar cokali ka murɗa sai ta amsa. Shi ya sa kullum a bakin garejin ake ajiye ta, hancinta na kallon ƙasa, don layin gangare ne miƙaƙƙe har babban titi, inda mutane ke tsayuwar jiran mota.

Da wannan motar Baba ya kafe sai ya zagaye jihar nan, jibi, shi kaɗai. Mutumin da likita ya ce ƙodarsa ta gaji.

Bakanike yana wanke hannu Baba ya shigo, kwali a hammata, ya wuce ɗan ɗakin baya inda ake ajiye kayan aiki ba tare da ya kalli motar ba.

"Injiniya, zo ka gani, tunda ka ce sai ka gani."

In Baba ya ce Injiniya, to gatse ne. Bakanike ya goge hannu ya bi shi.

Baba ya shimfiɗa kwalin a kan tebur. Tsohuwar taswirar jihar ce ya liƙa a kai, ya kafa mata fil-fil na ɗinki, ya zagaya zare daga wannan fil zuwa wancan. Bai iya karatu ba, amma shekara talatin ya yi yana jan motar haya a hanyoyin nan, babu kwanar da bai sani ba.

"Gari tara," in ji Baba. "Kwana biyar."

"A ina za ka riƙa kwana?"

"Kujerar baya me take yi?"

"Abinci fa?"

"Biredi. Ruwa. Risho na nan, gwangwanin shayi na nan. Likitanku ai ya hana ni komai, ya rage min ɗawainiya."

"Wanka?"

"Gidan mai suna da famfo. Kai wai aure za ka kai ni?"

Bakanike bai yi dariya ba. Ya sa yatsa a kan zaren.

"Wannan ƙulle-ƙullen fa?"

"Awo ne. Kowane ƙulli rabin jarka. Ƙulli goma sha biyu, jarka shida. Suna cikin but ɗin mota, na cika su jiya."

"Da me ka saya?"

"Na sayar da rediyona da keken. Ba ruwanka."

"Baba, na ce zan sa maka mai. Na ce zan rufe garejin in tuƙa ka. Sau nawa zan faɗa?"

"Ni kuma sau nawa zan ce a'a? Wannan tafiyar ba a yin ta da man wani. Kuma ba a yin ta da fasinja."

Bakanike ya sunkuya yana bin zaren da ido. Fari ne, irin na shagon Auta. Amma a wuri biyar an yanke farin an ɗaura ja. Ya bi jan da farce, na farko, na biyu, har na biyar. Ko ƙulli ɗaya babu a jikinsu.

"Jan nan fa, me ya sa ba shi da ƙulli?"

Baba ya kalli bango.

"Farin ne ya ƙare."

"Farin bai ƙare ba, ga shi ya ci gaba."



Bakanike ya ɗauko igiyar awo, ya gwada jajayen ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa tsawonsu. Ya kai ƙulli huɗu. Jarka biyu ke nan da babu su a lissafi. Ya sake duba inda jajayen suka faɗa a taswirar, sai ya gane. Duk wuraren tsaunuka ne, inda hanya ke saukowa.

Ya ajiye igiyar.

"Kashe inji za ka yi."

"Gangara ba ta shan mai."

"Za ka sa ta fri, ka kashe inji, ka sake ta. A wuri biyar. Da hannun nan naka mai rawa."

"A tasha wa ya kai ni iya sakin mota? Tambayi tsofaffin direbobi wa ake kira Gangara."

"Tsofaffin direbobin rabinsu suna ƙasa. Baba, aikina ne wannan, bari in gaya maka. In ka kashe inji, abin da ke taya ƙafarka danna birki ya mutu. Ɗan ƙarfin da ya rage sau uku ko huɗu za ka taka, shi ke nan."

"Biyu."

"Me?"

"Sau biyu ne. Na ukun dutse ne."

"Mu abin da aka koya mana..."

"Ni ba koya min aka yi ba," in ji Baba. "Ƙafata ce ta gani."

Fanka na juyawa a sama tana ƙara. Bakanike ya juyo ya dubi babansa. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin an ce birki ya ƙwace wa Baba ba. Haɗari ɗaya tak aka taɓa yi da motar hayar da Baba ke ja a da, shekara ashirin da biyu da suka wuce, kuma kowa ya san wa ke tuƙi ranar. Kawu ne, ƙanin Innarsu, yaron motar Baba a lokacin. Ya karɓi sitiyari ba shi da lasisi, ya jefa mota a rami da mutane. Mutum goma suka mutu, da Inna a ciki. Shekara bakwai ya yi a gidan yari.

"Yaushe ƙafarka ta gani?"

Baba ya jawo benci ya zauna. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ƙirga fil ɗin nan."

"Na ji, tara ne."

"Ka taɓa tambayar kanka me zan je yi a garuruwan nan? Dangi gare mu a can? Ko yawon buɗe ido ka ga ya kama ni da tsufana?"

"Ka ce tsofaffin abokai za ka yi wa ban kwana."

"Ƙarya na yi."

Ya sa hannu a aljihun ciki ya zaro wata takarda da ta yi laushi kamar tsumma, ninkin duk ya tsattsage. Ya miƙa. Bakanike ya buɗe a hankali. Takardar tasha ce, wadda ake rubuta sunayen fasinja da garuruwansu kafin mota ta tashi. An ja layi a ƙarƙashin suna tara.

"Ban iya karantawa ba, amma na haddace su," in ji Baba. Ya ɗora yatsa a fil na farko. "Nan mai sayar da atamfa ce, ta bar 'ya'ya huɗu." Ya matsa. "Nan malamin makaranta. Nan wasu 'yan'uwa biyu, ɗaya a wannan garin aka kai shi, ɗaya a wancan. Nan wata yarinya da za ta je jarrabawa, littafinta na hannunta har aka ciro ta."

"Baba."

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Ni ke tuƙi."

Bakanike ya ajiye takardar a kan tebur.

"Kawunka yana baya, a bakin ƙofa, inda yaron mota ke zama. Innarku tana gaba kusa da ni. Muka hau kan tsaunin, na sa fri, na murɗe makulli, kamar yadda na saba kullum. Ta ce min, Malam, kunna motar nan, akwai mutane. Na yi dariya na ce mata gangara ba ta shan mai. A kwana ta farko na taka, ta kama. Ta biyu ta kama. Ta uku na taka na ji kamar na taka dutse."

Wani abu ya faɗi a bakin ƙofa, ƙarar ƙarfe a cikin leda.

Auta ce tsaye, almakashi na rataye a wuyanta da igiya, yadda ta fito daga shago. Shekararta biyu lokacin da Inna ta rasu, hoto kawai ta sani. Ba wanda ya ji shigowarta.

"Ci gaba, Baba," ta ce. "Ina ji."

"Auta, je ki gida."

"Zarena ne a kwalin nan, fil ɗina ne. Ka ce min wasa za ka yi wa jikoki. Ci gaba."

Baba ya sunkuyar da kai.

"Kwana uku na yi ban san inda nake ba. Da na farka a asibiti na tarar an riga an rubuta. Kawunku ne ya fara fitowa daga ramin, shi ya ga yayarsa, shi 'yan sanda suka tarar. Suka ce wa ke tuƙi, ya ce shi ne. Da aka bar ni na gan shi ta bayan wayar ƙarfen inda aka tsare shi, abu ɗaya ya ce min. Ya ce 'ya'yan yayata ba za su rasa uwa su rasa uba rana ɗaya ba."

"Kai kuma ka ce me?" in ji Bakanike.

"Ban ce komai ba."

"A kotu fa?"

"Ban ce komai ba."

"Don mu."

"A'a." Baba ya ɗago ya dube shi ido cikin ido. "Shi ya yi nasa don ku. Ni na yi shiru don kaina. Tsoro na ji. Kada ka yi min kwalliya, ban zo nan neman kwalliya ba."

Bakanike ya juya ya kalli bangon da sifanu ke rataye, jere daga ƙarami zuwa babba. Idonsa ya tsaya a kan mai lamba ashirin da huɗu.

Yana da shekara goma sha tara ranar da Kawu ya fito. Kawu ya zo ƙofar gida da 'yar jaka a hannu, ya rame, kai a aske, yana murmushi, yana cewa ina babban ɗana. Shi kuma ya dawo daga wajen koyon aiki ke nan da sifana a aljihu. Sai ya zaro ta ya jefe shi da ita. Ta same shi a saman ido. Kawu ya dafe wurin, jini na bi ta tsakanin yatsunsa, ya sunkuya ya ɗauki sifanar ya ajiye masa a kan dakali, ya juya ya tafi. Bai sake takowa ba. Da Bakanike zai yi aure Kawu ya aiko da saƙo, ya mayar masa da abinsa ko buɗewa bai yi ba.

"Ranar da na jefe shi," in ji Bakanike, "kana ina?"

"Ina kan benci."

"Kana zaune."

"Ina zaune. Da kofin shayi a hannuna."

"Ka ga jinin."

"Na gani."

"Shekara goma sha biyar ina kwana ina tashi ina jin daɗin na rama wa uwata. Ina gaya wa 'ya'yana ba su da wani kaka ta wajen Inna, ya mutu. Kana ji, kana gyaɗa kai."

"Haka ne."

"Idon nan nasa an ce bai ƙara gani da shi ba."

"Haka ne."

Bakanike ya so a ce Baba ya musa, ko ya yi tsawa, ko ya kawo uzuri, don ya samu abin kamawa. Tsohon ya ƙi. Yana zaune kawai yana amsa haka ne, kamar mai karɓar kaya yana dubawa.

Auta ta matso bakin tebur. Ba ta yi kuka ba. Ta sa yatsa ta taɓa jan zaren.

"Baba, tambaya ɗaya zan yi maka."

"Yi."

"Mai nawa ka rage ranar?"

Baba ya juya hular da ke gwiwarsa.

"Kai ne gwanin awo. Nawa?"

"Bai kai lita ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta koma jikin bango ta jingina.

Bakanike ya sake kallon kwalin. Yanzu ne ya lura zaren bai tsaya a fil na tara ba. Ja na biyar, wanda ya fi duka tsawo, ya wuce ya je ya ɗaure a jikin wata ƙaramar ƙusa. Daga ƙusar babu zaren da ya dawo gida.

"Wannan fa?"

"Tsaunin ke nan. Kawunku a gindinsa yake zaune, yana facin taya a bakin hanya. Nan ya zaɓa, ban san dalili ba, ban taɓa samun fuskar tambayarsa ba."

"Ina man dawowa?"

"Babu."

"Ban gane ba."

"In na gama da gida tara na faɗa musu abin da na faɗa muku, zan je wajensa. Motar ta zama tasa, zan bar masa. Akwai ofishin 'yan sanda gaba kaɗan da rumfarsa, da ƙafa ma zan iya. Zan ce su buɗe littafinsu su goge sunansa su sa nawa."

"Bayan shekara ashirin da biyu."

"Abin da ya rage min ke nan."

"Kuma a hanyar zuwa neman gafarar, za ka sake kashe inji. A wuri biyar. Har da tsaunin da ka kashe uwarmu."

"Ni kaɗai ne a ciki wannan karon."

"Kai kaɗai ne a hanyar? Babu masu tafiya a ƙasa? Babu motar da za ta taho?" Bakanike ya buga teburin, fil biyu suka tuma suka faɗi. "Ba ka koyi komai ba, Baba. Mutum goma, ba ka koyi komai ba."

"Jarka shida gare ni."

"To babu inda za ka."

Ya sa hannu a aljihun rigar aiki ya fito da makullin motar, ya nuna masa, ya mayar ya ja zif.

"Motar nan ba ta fita daga garejina. Ba jibi ba, ba wata mai zuwa ba. Kawu kuma ni zan je wajensa, da ƙafata, kafin kai. Ni ke da abin da zan durƙusa in faɗa masa. Kai ka jira naka."

"Ba ni da lokacin jira. Ka ji abin da likita ya ce."

"Shi ya jira shekara bakwai a ɗaki ɗaya."

Baba ya dube shi. Sannan ya mayar da hularsa, ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar. Ya ɗauki takardar tashar ya ninke ya sa a aljihu. Kwalin bai taɓa shi ba.

"Taswirarka," in ji Auta.

"Tana kaina."

Ya raɓa ta gefenta ya fita, yana jan ƙafa.

Suka rage su biyu. Bakanike ya zauna a benci inda Baba ya tashi, wurin da ɗumi har yanzu, sai ya matsa gefe. Ya zaro waya yana duba sunaye, ya tuna ba shi da lambar Kawu, bai taɓa yarda ya ajiye ta ba.

"Ina da ita," in ji Auta.

Ya ɗago.

"Ke?"

"Shekara uku ke nan. Duk wata sai ya kira ya tambayi lafiyarka, ya ce kada in gaya maka. Ko sau ɗaya bai taɓa ce min ba shi ba ne, Yaya. Na sha zaginsa a wayar nan, sai ya ce Allah ya yi miki albarka, gaida yayanki a zuciyarki."

Bakanike ya rufe fuska da tafin hannu. Warin baƙin mai ya cika masa hanci. Ya daɗe a haka, fanka na ƙara a sama, Auta na tsintar fil ɗin da suka zube tana sokawa a bakin mayafinta.

Can ta je bakin ƙofa ta ɗauko ledar da ta yar, ta ajiye a kan taswirar.

"Ga saƙonka. Ya ce in bai yi daidai ba ka mayar."

Bakanike ya buɗe ledar. Sabon bututun birki, yana ƙyalli, an naɗe shi kamar maciji.

Ya kalle shi. Ya kalli gwangwanin man birkin da ya ajiye a kan taga tun safe, cike har baki.

"Auta, Baba gida ya nufa?"

"Ban duba ba."

Ya kasa kunne. Babu ƙarar inji. Da ma ba za a ji ba. Mai son tayar da ita a ɓoye sai ya yi nisa a gangaren kafin ya saki kuloci.

Ya ture bencin ya fita da gudu.

Bakin garejin wayam. Tabarmar da ya kwanta a kai tana nan, da tsohon bututun a gefenta. Dutsen taya an jawo shi an ajiye a jikin bango, a tsanake. Kusa da shi kofin shayinsa ne, babu cokali a ciki.

Ya ɗaga kai.

Can ƙasa motar na tafiya shiru, tana ƙara gudu, ta wuce shagon mai aski, ta wuce famfon unguwa. A ƙarshen layin mutane sun yi cincirindo a bakin babban titi suna jiran mota, duk sun ba ta baya.

Jar fitilar birki ta kama.

Ta mutu.

Ta sake kamawa.

Motar ba ta rage gudu ba.